Digiri na biyu zan tafi, ko in tsaya in koyi abin da ake tambaya a intabiyu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Tattalin arziki na karanta a jami'a, na fita da 2.1, kuma Allah ya sani da kyar aka kai. Korona ta same mu a 2020, muna farfaɗowa yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. A tsakanin nan mahaifinmu ya kwanta jinya, aka sayar da gonar da muke ci a cikinta, yayata ce ta riƙa biya min kuɗin makaranta da kuɗin ɗinkinta, mijinta yana ta ƙorafi, har suka yi wata rigima da ba zan kawo ta nan ba. Na yi bautar ƙasa a wata sakandare, na gama. Kwanaki aka kira ni intabiyu a wani kamfani, aka ajiye min kwamfuta aka ce in fitar da jimillar cinikin kowane wata a manhajar lissafi ta Excel, sannan in rubuta wa manaja ɗan gajeren rahoto. Wallahi gumi kawai na yi ta yi. Yanzu kawuna ya ce zai ɗauki nauyin digirina na biyu, abokina kuma ya ce ɓata lokaci ne. Ban iya barci. Ku ba ni shawara.

Tsohon Ma'aikaci: Wa'alaikumussalam ƙanena. Na daɗe ina zama a kujerar masu yin intabiyu, don haka ka saurare ni. Takardarka ta gama aikinta tun da ta sa aka kira ka. Daga bakin ƙofa zuwa ciki ba ruwan kowa da 2.1. Ka iya rubuta saƙo layi biyar da manaja zai fahimta ba sai ya kira ka ba? Ka iya tsayawa gaban mutum uku ka yi bayani ba kame-kame? In ka tafi digiri na biyu yau, shekara biyu masu zuwa wannan kwamfutar dai za a sake ajiye maka. Tun 2012 ake yin SAED, wato shirin koyar da sana'o'i, a sansanin bautar ƙasa, kuma hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta daɗe da wajabta darasin koyon kasuwanci a jami'o'i. Me ka tsinta a ciki?

Mai tambaya: Yallaɓai, a SAED sabulun ruwa aka nuna mana. Ni ba don haɗa sabulu yayata ta sha wahala ba. Darasin kasuwancin kuwa cunkus muke a ɗaki ɗaya, na baya ba ya jin malami, muka haddace muka rubuta jarrabawa. Maki A na samu.

Injiniya Ba Aiki: Gara ku. Mu da muka yi SIWES, wato zaman koyon aiki a ma'aikata lokacin karatu, wata shida, shayi da fotokwafi aka yi ta aika na. A ƙarshe oga ya sa hannu a littafin ko buɗewa bai yi ba. Injin da aka koya mana a aji tun kafin a haife ni masana'antu suka daina amfani da shi.

Uwar Biyu: Ku daina wahalar da yaron nan. Wace ƙwarewa? Ɗana na fari kwamfuta kamar shi ya ƙera ta, yana gida. Ɗan maƙwabtanmu ko takardar neman aiki bai rubuta ba, takardar kama aiki aka kawo masa har falo. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ɗana, ka yi ta addu'a, kawun naka ya nema maka hanya kawai.

Tsohon Ma'aikaci: Hajiya, wannan a aikin gwamnati ne. Ɗan kasuwa ba zai biya albashi don an san baban yaro ba. Irin maganar nan ce take sa yaranmu su naɗe hannu.

Malamar Jami'a: Kullum mu ake ɗora wa laifi. A Disamba 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara abin da ya dace da ita, kuma ƙwarewar aiki na cikin abin da aka ce ana so. To da me zan koyar? Ɗakin kwamfuta ba wuta, ɗalibai ɗaruruwa, albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Ɗalibin da ya kai furojet ɗinsa shagon kwamfuta aka buga masa har lissafin, shi ma ya faɗi nasa laifin. Kai kuma mai tambaya, in koyarwa kake so ka tafi digiri na biyu, amma ka sani sai ka ɗora da na uku.

Mai tambaya: Malama, ni da kaina na rubuta nawa. Lissafin ne kawai aka yi min, don ba wanda ya nuna mana yadda ake yi.

Ɗan Kantin Kwari: Malam ka shigo kasuwa. Masu digiri nawa ne a layinmu suke auna yadi, sun yi aure sun yi gida. Kuɗin kawu jari ne.

'Yar Zariya: Akwai 3MTT, shirin koyar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, kyauta ne, kuma akwai fannin nazarin bayanai, ya dace da abin da ka karanta. A wane gari kake? Nawa kawun zai bayar? Ka cire na laftof a ciki mana.

Mai tambaya: Anti, ba ni da laftof, ga tsadar data. Kawu kuma don karatu ya ce zai bayar, ba zan iya kallon idonsa in ce kwamfuta zan saya ba. Kuma a ganina mai digiri biyu ai ba za a haɗa shi da mai ɗaya ba.

Tsohon Ma'aikaci: Za a haɗa, ni na sha haɗawa. Na taɓa mayar da mai digiri biyu na ɗauki yarinya mai difloma, saboda ita ta gama aikin da aka ba su kafin ya gano inda ake buɗe fayil. Excel ɗin da ya kayar da kai, in ka dage wata ɗaya a shagon kwamfutar unguwarku ka wuce wurin. Ka je wani kanti ko makaranta ka ce za ka riƙe musu lissafi kyauta, ka samu abin faɗa a intabiyu. Amma na lura ba shawara ka zo nema ba, so kake a ce maka tafi.

Uwar Biyu: Kyauta kuma? Haka aka yi wa ɗana, ya yi musu wata da watanni, da gurbi ya samu suka kawo ɗan'uwan oga.

Mai tambaya: Yallaɓai ba haka ba ne, duk ina karantawa. Kawai dai ba ku san halin gidanmu ba. Fom ɗin digiri na biyun ma an kusa rufewa. Akwai wanda ya san ko ana ba da lokaci a kawo takardar cikakken sakamako, wato transcript, daga baya? Tawa har yanzu ba ta fito ba.

Injiniya Ba Aiki: Tab. Ni tawa sai da na yi shekara ina sintiri. 'Yar Zariya, 3MTT ɗin har yanzu ana ɗauka?