Wace kalma za mu ba "backpacking" da Hausa?

Jama'a, a taimaka da kalma. Ƙanena ya shiga cikin wasu matasa a nan Legas masu fita daji da ƙafa, kowa da jaka a baya, su kafa tanti su kwana biyu ko uku, su dawo. Turawa na ce wa abin "backpacking". Kawunmu na Agege, mai shekara 68, ya ce lallai a sa da shi. Muka zo yi masa bayani, Hausa ta maƙale.

Na fara da "yawon buɗe ido". Ya ce, "Ɗana, wannan ai na mota ne da ɗaukar hoto." Gaskiyarsa. Wanda ya je Lekki ya taka gadar nan ta saman bishiyoyi mai mita 401, ya dawo kafin la'asar, ai bai kwana ba.

"Yawon daji" kuwa, a zamanin nan, kada ma a fara. Faɗe shi a tasha ka ga kallon da za a yi maka.

Wani ya kawo "tattakin goyo", tunda jakar goyo ake saɓawa. Na so shi, amma ya ɗora sunan a kan kaya, alhali kaya ne abin da ake fara rage wa dattijo. Masu harkar na cewa kada jaka ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mutum. Kawu kilo 70 ne, wato kilo 14 ke nan, kuma ko wannan ya yi wa gwiwarsa yawa, musamman a gangara. Yara za su ɗaukar masa tanti da tukunya, a bar shi da ruwa, maganin hawan jininsa, buta da sanda. Idan an sauke goyon, sunan ya tashi ke nan?

Kawun ne ya warware mana yana shan shayi. Ya ce fatake da suka kawo iyayenmu Kurmi ba a auna tafiyarsu da kaya, da zango ake aunawa. Madugu ya san inda ruwa yake, ya san inda rana za ta faɗi. Sango ɗin da kuke ji a Ota da Badun, zango ne bakin Yarbawa ya juya.

To, ni na tsaya a kan "tattakin zango". Na dattawa a ce "tattakin gajeren zango": a tashi bayan asuba, a sauka kafin rana ta take, a sa ranar hutu a tsakani. Wata Ba'amurkiya, Emma Gatewood, ta taka hanyar ƙafa ta tsaunukan Afalaciya a Amurka mai fiye da kilomita 3,000 a 1955 tana da shekara 67, da buhu guda a kafaɗa. Da na gaya wa Kawu, sai ya ce shekara ɗaya kacal ya ba ta.

Mai wadda ta fi wannan ya kawo kafin Asabar, don ranar za mu gwada gwiwar Kawu a Dutsen Olumo da ke Abeokuta.