Don Allah wace tayar sanyi zan saka wa 'yar motata?

Salam 'yan uwa mazauna Kanada, don Allah ku ban shawara. Wannan ne hunturuna na farko a Montreal, kuma a dokar Kebek, lardin da Montreal take, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole sai da tayar sanyi. 'Yar Corolla gare ni, lambar girman tayarta 195/65 R15. Jiya da safe dusar ƙanƙara ta sauka, na taka birki a gangaren layinmu motar ta dinga sulɓewa ga yarana biyu a baya, wallahi har yanzu gabana faɗuwa yake. Bakanike yace in sayi mai ƙusoshi, maƙwabcina kuma yace ƙararta ta cika yawa kan kwalta. Kuɗin hannuna ba yawa, na hannu zasu yi ko in daure in sayi sabbi guda 4?