Dangwala yatsa ya isa a ce majinyaci ya amince?

Ɗalibar_jinya: Salam 'yan uwa, ina rubuta bincike kan amincewar majinyaci kafin a saka shi cikin binciken lafiya, abin da ke damuna shi ne wanda bai iya karatu ba in ya dangwala yatsa kawai, shi ke nan ya yarda?

Tsohon_malami: Wa'alaikis salam, bai isa ba ƙanwata. Sai an yi masa bayani da yaren da yake ji, ya gane haɗarin, ya san zai iya fita ko yaushe ba wanda zai hana shi magani, kuma a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken.

Mai_nazari: Ki duba dokar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, duka ƙa'idoji ne na yin binciken lafiya a kan mutane. Sannan a binciken da aka yi a garin Tuskegee a Amurka, daga 1932 har 1972 aka bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani har bayan da fenisilin mai warkar da shi ta samu, wallahi abin ya ƙona min rai.

Ɗalibar_jinya: Na gode malam, to yara fa?

Tsohon_malami: Iyaye ke sa hannu, amma yaron da ya yi wayo a tambaye shi shi ma.