Aure da naɗin limancin coci: abin da masana suka ja hankali a kai

Shawarar da masana harkokin coci suka fi nanatawa ga saurayin da ke son aikin ikilisiya ita ce ya san dokar aure ta ɗarikarsa tun kafin ya shiga makarantar horon limamai, domin a wasu ɗariku naɗi na rufe ƙofar aure har abada.

A Katolika ta Roma matakan naɗi uku ne: dikon (mai taimaka wa fada), fada, bishop. Fada ba ya aure, kuma ba a naɗa shi kafin shekara 25. Magidanci na iya zama dikon na dindindin, wato wanda ba zai wuce zuwa matakin fada ba, idan ya kai 35 kuma matarsa ta amince. Zai yi baftisma, ya yi wa'azi, ya ɗaura aure, amma keɓe jibin Ubangiji da sauraron furcin zunubi aikin fada ne. Idan matar ta rasu, bisa ƙa'ida ba ya sake aure, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, don ba su tambaya ba tun farko.

A cocin Otodoks ana naɗa mai aure firist, wato fada, da sharaɗin auren ya riga naɗin dikon. Bishop kuwa sai marar mata.

Angilika, ECWA da COCIN sun yarda limamai su yi aure, suna dogara da 1 Timoti 3:2, "mijin mace ɗaya". An kuma gargaɗi mai wannan niyya ya zauna da matar da zai aura su yi magana sosai, domin canjin wurin aiki da ƙarancin albashi ita ma za su shafe ta.