Kamfani ya kawo tallafi, ta ina za mu auna shi?

Auwalu: Salamu alaikum. Wani kamfani na son haƙa wa unguwarmu rijiyar burtsatse, takardarsu cike da maganar kare muhalli da taimakon al'umma. Amma an sha jin su a kotu. Manya, me za mu duba kafin mu sa hannu?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ajiye takardar tukuna, Auwalu, ka nemi tarihin shari'o'insu. Ka tuna kamfanin magani na Pfizer a Kano, 1996, lokacin annobar sanƙarau. An yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kuma kamfanin bai amsa laifi ba, cewa ya yi cutar ce ta kashe su. Shekara 13 iyaye na jira. Ni abin da nake tambaya ke nan: da kansu suka biya, ko sai da aka ja su?

Maman Khalil: Malam, har ƙin allurar shan inna na 2003 akwai burbushin wannan a ciki. Amma a yi adalci, wasu na gyarawa. An ƙaurace wa Nestlé daga 1977 kan tallan madarar jarirai, a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar talla.

Malam Sani: Hajiya, ai matsin lamba ne ya kawo hakan, ba tuba ba.

Injiniya Bello: Ni dai ku nemi rahoton wanda ba ya cin albashinsu. Kamfanin motoci na Volkswagen ya yi ta tallan dizal mai tsabta, a 2015 aka gano manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. Hukumar muhalli ta Amurka ce ta tona, ba su ba. Haka Ogoni, a yankin Neja Delta mai arzikin mai: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ɓarnar mai zai iya cin shekara 30.

Maman Khalil: To ruwa fa? Mata na shan wahala. A karɓa, amma kada a yarda da sharaɗin yin shiru.

Auwalu: Akwai wani sakin layi mai kama da haka a shafi na uku. Bari in turo hotonsa, Malam ya duba mana.