Kuɗin koyon tuƙin jirgin sama: Zariya, Ilori ko ƙasar waje?

Hajiya Rakiya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. 'Yata ta kammala sakandare da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma ta nace cewa tuƙin jirgin sama take so ta koya. Mahaifinta ya amince bisa sharaɗin mu san abin da za a kashe daga farko har ƙarshe, domin ba ya son karatu ya yi nisa sannan a shiga neman wanda zai sayi fili. Wasu sun ce mu kai ta Zariya tunda ga ta kusa da mu, wasu kuma sun ce Afirka ta Kudu ta fi sauri. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba mu shawara.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ku sayi fom na kowace makaranta, ku kai ta gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya a wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi, domin shi ake buƙata ga duk wanda zai tuƙa jirgi a biya shi. Ana duba ido da ji da zuciya da hawan jini da sukari, kuma akwai matasa masu cikakkiyar lafiya da ba su taɓa sanin ba sa bambance ja da kore sosai ba sai a ranar wannan gwajin. Sanya tabarau ba ya hana mutum zama matuƙi matuƙar yana gyara ganin zuwa matakin da ake so. Kuɗin gwajin kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ke gaba.

Kyaftin Isa: Likita ta faɗi abin da ya kamata a fara da shi. Ni a Zariya na koya, saboda haka a ɗauki maganata da sanin cewa ina da ɓangare. Hajiya, abin da za ku biya awanni ne a sama, kuma ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ta yanka mafi ƙarancinsu. Lasisin farko, wanda ake kira PPL, yana buƙatar awa 40, amma ba a ɗaukar mai shi aiki. Lasisin kasuwanci, wato CPL, yana buƙatar awa 200, ko 150 idan an yi kwas ɗin a dunƙule a makarantar da aka amince da ita, kuma sai ɗalibi ya cika shekara 18. A kan wannan za a ƙara shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, lokacin da gajimare ya rufe komai, da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu. Lasisin da ke kai mutum kujerar kyaftin a babban jirgi sai an tara awa 1,500.

Inda iyaye suke faɗawa rami shi ne farashin da makarantu ke bugawa a takardarsu, domin kusan kullum an lissafa shi ne a kan waɗannan mafi ƙarancin awanni. Ɗalibai kaɗan ne ke samun PPL a awa 40 cif. Da yawa sukan kai 55 ko 60, musamman idan ana yin tashi yau sannan a zauna mako uku, domin hannu yana mantuwa, sai an maimaita darasin da aka riga aka biya. Don haka ku tambayi kowace makaranta a rubuce: nawa ne kuɗin ƙarin awa ɗaya, kuma wa ke biya idan ɗalibi ya faɗi gwajin tashi.

Kwalejin Zariya, da ke Palladan, an kafa ta a 1964 da taimakon ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma tana da filin jirginta na kanta. Tunda 'ya mace ce, ku gaya mata cewa Kyaftin Chinyere Kalu, macen farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a nan ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Akwai kuma kwalejin Ilori da gwamnatin Kwara ta kafa, wadda ita ma lasisin NCAA take kaiwa.

Injiniya Bala: Ranka ya daɗe Kyaftin, a ba ni dama in ƙara daga ɓangarenmu na masu gyara. Hajiya, idan kun je duba makaranta kada ku tsaya a ofis. Ku nemi a kai ku rumfar jirage, ku tambaya jirgi nawa ne zai iya tashi a wannan ranar, domin adadin jiragen da makaranta ta mallaka dabam ne da adadin waɗanda ke da lafiya. Ƙaramin jirgin koyarwa yana shiga duba bayan awa 50 da kuma awa 100, kuma idan aka rasa wani ƙarfe guda sai an yi odarsa daga waje da dala, jirgin yana ajiye, ɗalibai suna jira. Sai batun mai. Jirage irin su Cessna 172 suna shan wani man da ake kira Avgas, kimanin lita 35 a awa, kuma shigo da shi ake yi, yakan yi wuyar samu. Wannan ne ya sa samfurin Diamond DA40 da DA42 da Zariya ta kawo suke da amfani, tunda suna shan Jet A1, man da ake samu a manyan filayen jiragenmu. A ƙarshe ku lissafa yanayi: daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan hana sabon ɗalibi tashi kwanaki a jere, tunda da idonsa yake tuƙi, damina kuma ga hadari da yamma.

Aminu: Mama, ni a Afirka ta Kudu na gama, kuma gaskiya ne ana saurin tara awanni, domin makarantu suna da yawa kuma ranakun tashi suna da yawa a shekara. Amma masu cewa ta fi sauƙi ba sa haɗawa da haya da abinci da inshorar lafiya da biza da tikiti, sannan idan an dawo sai an mayar da lasisin na NCAA, da jarrabawarsa da kuɗinsa. Babbar shawarata ita ce kada ku biya kuɗin kwas gaba ɗaya, komai rangwamen da aka yi muku alkawari. Wata makaranta da ke kusa da tamu ta rufe a lokacin da nake can, kuma ɗaliban da suka zuba kuɗinsu duka, har da 'yan Najeriya, sun tashi ba kuɗi ba awanni. Ku biya mataki-mataki, kuma ta riƙa tabbatar da cewa malami ya sa hannu a littafin awanninta bayan kowane tashi, domin wannan littafin ne za ta nuna a wata makarantar idan dole ta sa aka canza.

Malam Yusuf: Abin da Aminu bai faɗa ba shi ne canji. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka tura 'ya'yansu kafin Yunin 2023 da lissafin naira sun ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da makaranta ta ƙara ko sisi ba. A Amurka, daga farawa zuwa CPL da shaidun nan biyu na tuƙi da na'urori da na jirgi mai inji biyu yakan ci daga dala dubu 70 zuwa dubu 100, ban da kuɗin zama. Duk wanda zai tura ɗa waje ya tanadi kuɗin da dala tun kafin tafiya. Ni a ganina, mai samun kuɗi da naira ya biya da naira, ko da karatun zai ɗan ja.

Alhaji Garba: Me ya sa ba a maganar soja? Ga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, a nan Kaduna, ga makarantar koyon tuƙi ta sojan sama a sansaninsu na nan garin, kuma gwamnati ke ɗaukar nauyi.

Kyaftin Isa: Alhaji, hanya ce mai kyau ga wanda soja yake so ya zama. Amma shiga NDA ba ya tabbatar da cewa za a zaɓe ta cikin masu tuƙi, kuma wanda aka horar zai yi wa rundunar aiki shekaru masu yawa kafin ya yi tunanin kamfani. Ban ba da shawarar a shiga don gudun kuɗin makaranta kawai ba.

Akwai kashi na ƙarshe da ya kamata maigidan Hajiya ya sa a lissafi tun yanzu. Mai CPL da awa 200 bai isa ya zauna a Boeing 737 ba sai ya yi kwas na musamman a kan wannan samfurin, mafi yawansa a na'urar kwaikwayon tashi, kuma kuɗinsa yakan kai dala dubu 20 ko fiye. Wasu kamfanoni suna biya su ɗaure matuƙi da yarjejeniyar aiki ta wasu shekaru, wasu kuma suna son ya zo da shaidarsa a hannu. Kun tuna ɗalibai 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan koyon tuƙin jirgi a zamanin Kwankwaso. Wannan matakin ne ya tsayar da da dama daga cikinsu bayan sun dawo da lasisi. Shaidar tuƙi da na'urori da takardar lafiya kuma sabunta su ake yi, ko ana aiki ko ana zaune a gida.

Hajiya Rakiya: Allah Ya saka da alheri. Kyaftin, idan ta gama kuma aiki bai samu da wuri ba, akwai hanyar tara awanni ba tare da mun ci gaba da biya ba?

Kyaftin Isa: Akwai, Hajiya. Ta ƙara kwas ɗin malanta, ta koyar da sababbin ɗalibai, awannin suna shiga littafinta kuma ana biyanta albashi. Ku tambayi makarantar tun ranar farko ko tana ɗaukar ɗalibanta da suka gama a matsayin malamai, kuma mutum nawa ta ɗauka daga ajin da ya fita bara.