Yaron da aka yi wa aikin zuciya zai iya komawa ƙwallo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗana mai shekara 8 an haife shi da rami a zuciya, an yi masa aiki wata 5 ke nan. Likita ya ce ƙashin ƙirji na haɗewa cikin mako 6 zuwa 8, daga nan ya riƙa motsa jiki sannu a hankali.

Yanzu ya nace sai ƙwallo, Inna kuwa ko guga ba ta bari ya ja. Jiya ya bi yara da gudu, ya dawo yana haki sosai, amma leɓɓansa ba su yi duhu ba. Rashin sabo ne, ko mu koma Kano a sake duba zuciyar? Kuɗin motar ma sai an sayar da gero.